Daga fascinated zuwa spellbound: yadda zaka zaɓi kalmar burgewa da ta dace a Turanci

Ƙanin wani abokina ne ya turo min wasiƙar da ya rubuta ta neman sikolashif, wai yaya dan Allah ka duba min kafin in tura, wallahi layin farko kawai na karanta na ajiye wayar na dafe kai. Ya rubuta "I am very fascinating in medicine". Abin da yake son faɗa shi ne harkar likitanci ta daɗe da ɗauke masa hankali, amma abin da ya faɗa a zahiri shi ne wai shi ɗin nan mutum ne mai ban sha'awa ƙwarai, sannan ya liƙa "in medicine" a baya wanda bai zauna ba sam. Kuskure uku a cikin kalma shida, kuma yaron nan ba daƙiƙi bane fa, yana da kiredit ɗinsa na Turanci a WAEC lafiya lau.

Mu a Hausa babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana bambancin ya burge ni, da ya ƙayatar da ni, da ya ɗauke min hankali, da ta tafi da imanina, da na shagala, da na saki baki ina kallo, amma duk mun san inda kowacce take zama, ba zaka ce lissafin malam ya tafi da imaninka ba sai dai in da wata a ƙasa. To haka Turanci yake, kalmomin sun fi ashirin, ƙamus kuma zai jero maka su kamar duk abu ɗaya ne alhali ba haka bane. Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce mu fara daga Hausar tukuna sannan mu tsallaka.

Mataki na farko: wa aka burge, wa ya yi burgewar

Wannan shi ne ramin da yaron nan ya faɗa, kuma kusan kowa ya taɓa faɗawa. Kusan duk kalmomin nan suna da wutsiya biyu, ko ed ko ing. Mai ed ta wanda abin ya kama ce, mai ing kuma ta abin da ya yi kamun. Ni ne fascinated, darasin shi ne fascinating. Amarya captivating ce, ango kuma captivated. Idan ka manta ka tuna da bored da boring, wanda ya ce "I am boring" ya shelanta wa duniya cewa shi mai gundurar mutane ne alhali so yake ya ce zaman ya ishe shi. Akwai wadda take ɗan kaucewa, wato spellbound, ita ba a ce mata spellbounded, a haka take ta wanda aka kama, ta abin da ya yi kamun kuma spellbinding.

Mataki na biyu: tambayi kanka a ina abin ya kama ka

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa. Kafin ka buɗe baki ka tsaya ka ji, a ƙwaƙwalwa abin ya kama ka, ko a ido da kunne, ko a zuciya, ko kuwa lokacinka ne kawai ya cinye.

In a ƙwaƙwalwa ne, wato kana son ka ƙara sani, kalmomi uku ne a jere kamar matakala. Interested ita ce ta ƙasa, sha'awa ce kawai ta yau da kullum. Intrigued tana sama da ita kuma tana da ɗanɗanon ɗaure kai, abu ne da baka gama ganewa ba shi ya sa yake jan ka, misali maƙwabcinka kullum ƙarfe biyun dare sai ya fita da jaka ya dawo da asuba, to "I'm intrigued", kana son jin ƙwaƙwaf. Ka lura dai idan aka ce intrigue a matsayin suna, musamman a maganar siyasa ko fada, makirci ake nufi da ƙulle-ƙulle. Fascinated kuma ita ce ta sama, sha'awa mai zurfi wadda take daɗewa, irin ta mutumin da ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga an tsoma farin ƙyalle a karofi, an fito da shi yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonsa, ya koma gida har dare yana tambayar kansa ta yaya baba da toka suke yin haka. Wannan mutumin fascinated ne. Kuma ba dole abin ya zama kyakkyawa ba, mutum zai iya zama fascinated da macizai ko da tarihin annoba ko da yadda 'yan damfara suke tsara mutane, abin bai yi maka daɗi ba amma ka kasa daina bibiya. Ita ce kalmar da ta fi zama lafiya a wasiƙar neman karatu da intabiyu.

In a ido ne ko kunne, wato kana tsaye abu na faruwa a gabanka ka kasa kawar da kai, to wani gidan ka shiga. Captivated 'yar'uwar captive ce, wato kamamme ko fursuna, kaga ta yi daidai da ya kama min hankali, ana faɗinta ga murya mai daɗi, ga murmushi, ga mai ba da labari. Enthralled ta fi ta ƙarfi, thrall tsohuwar kalma ce ta bawa wadda ta shigo Turanci daga bakin mutanen arewacin Turai masu jiragen ruwa da suka riƙa kai hari Ingila, to enthralled kamar a ce abin ya mallake ka ne, an fi amfani da ita ga labari ko wasa da ya riƙe ka tun daga farko har ƙarshe, yara sun kewaye kaka tana tatsuniyar gizo da ƙoƙi babu mai ko tari, "The children were enthralled". Spellbound ita ce ta taron jama'a da suka yi tsit, spell sihiri ne bound kuma ɗaurarre, ka tuna ranar hawan Daushe lokacin da mahaya suke sukuwa su zo su ja linzami gaf da sarki su ɗaga hannu su yi jinjina, wannan daƙiƙar da kowa ya riƙe numfashi, to ita ce. Ana yawan cewa "He held the crowd spellbound", ya riƙe jama'a baki sake.

Mesmerized tana da labari. Sunan mutum ne, wani likita Bajamushe Franz Anton Mesmer, an haife shi a 1734 ya mutu a 1815, ya yi aiki a Biyana sannan ya koma Faris yana cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da yake gudana a jikin mutane wanda shi yake iya sarrafawa ya warkar da cuta, masu kuɗi suka yi ta tururuwa wajensa wasu har suna suma, sai a 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti har da Benjamin Franklin a ciki, suka bincika suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin marasa lafiyar ne kawai yake aiki. Sana'ar ta mutu amma sunan ya zauna. Shi ya sa mesmerized ta fi dacewa da abin da yake motsi yana maimaituwa har idonka ya ƙafe, ruwan Gurara yana zubowa, harshen wutar mai tsire da daddare, hannun mai saƙar hula, kan kumurci a gaban gardi. Kana kallo ko ƙiftawa baka yi kuma kanka babu tunanin komai. Kaga kenan ita kusan kishiyar fascinated ce ta wannan fuskar, ɗaya ƙwaƙwalwa tana ta aiki ɗaya kuma ta tsaya cak. Entranced ma kusa take da ita, daga trance take wato fitar hayyaci, sai dai ta fi kama da harshen rubutu. Riveted kuma daga irin ƙusar nan take da ake haɗa ƙarfe da ƙarfe, an kafe ka kenan, ita ce ta gidan kallon ƙwallo lokacin bugun fenareti, kuma tana shiga har abin tsoro da tashin hankali.

In a zuciya ne, abin ya sanyaya maka rai, to charmed ko enchanted. Charmed mai sauƙi ce, tsoho mai fara'a ya tarbe ka da ruwa da barkwanci, ka tafi kana jin daɗinsa, "I was charmed by the old man". Charming kuma ita ce ta mai shiga rai, mai farin jini. Enchanted ta fi ta nauyi, tana ɗauke da ƙamshin tatsuniya, wuri ko dare ko kiɗa mai kyau kamar a mafarki, ka ce ka ga hasumiyar masallacin Agadas da almuru rana tana faɗuwa a bayanta. Amma fa kada ka ce kana enchanted da sabon tsarin biyan albashi, dariya za a yi maka. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sanin wannan kalmar ta wata ƙofar, don a Faransanci idan aka gabatar maka da mutum kana miƙa hannu kana cewa enchanté, wato na ji daɗin haɗuwa da kai. To dan Allah mutanen Maraɗi da Damagaram kada a ɗauko wannan a kai Turanci, wanda ya miƙa hannu ya ce "Enchanted" a yau za a fahimce shi amma za a ga kamar daga wani tsohon zamani ya fito, "Nice to meet you" ta wadatar.

In kuwa lokacinka ne abin ya cinye, wato shagala, to engrossed ko absorbed, ka dulmiya cikin karatu ko waya har ana sallama baka ji ba, tuwo ya ƙone a tukunya. Na hira kuma su ne glued, kamar an manna ka da gam, da hooked, ƙugiya ta kama ka kamar kifi, wadda ake faɗa wa abin da ka kasa dainawa.

Mataki na uku: ka san yawancinsu kalmomin tsafi ne da suka tuba

Fascinate daga Latin take, ma'anarta ta asali a yi wa mutum sihiri, kuma da wannan ma'anar ta fara shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 16. Enchant ta biyo ta Faransanci ne, tushenta rera waƙa, wato surkullen da boka yake rerawa. Charm ma daga kalmar Latin take mai nufin waƙa ko baiti. Har glamour da ake ta faɗa a harkar kwalliya, asalinta grammar ce wato nahawu, mutanen Sikotilan suka lanƙwasa ta tana nufin sihiri saboda a da ana ganin mai ilimin littafi kamar yana da wani asiri, abin ya ban dariya ranar da na fara sani don mu ma ai haka ake kallon wasu malaman. Kuma mu ma muna cewa kamar an yi masa asiri idan mutum ya zauce a kan abu.

Amfanin sanin wannan shi ne a Ingila da Amurka tsafin ya riga ya wanke daga jikin kalmomin, amma a Turancinmu na Najeriya bai gama wankewa ba. A nan idan ka ce charm abin da zai fara zuwa kan mutane laya ce ko guru ko ƙulli, jarida ma idan ta ce an kama ɓarawo da charms ai kayan tsafi take nufi. Dan haka "She charmed him" a Landan yabo ne, ta shiga ransa da iya magana, a Kaduna kuwa ka faɗi haka a gaban dangin miji sai a ce ka ce ta mallake shi, kafin ka yi bayani an kira taron dangi. Bewitched ta fi haɗari don witch ɗin a fili take, mayya, Bature zai ce wa mace bewitching yana nufin kyanta ya ruɗa shi amma ni dai ban ba ka shawarar gwadawa a nan ba. Beguiled kuma akwai guile a cikinta wato wayo da yaudara, an burge ka ne amma wataƙila don a cuce ka, irin daɗin bakin dillali.

Mataki na huɗu: 'yar ƙaramar kalmar da take bi baya

Nan kuskuren yaron nan na biyu yake, ya saba da interested in sai ya ɗauka kowa in yake ɗauka. In baka da tabbas ka sa by, zata fishe ka a fascinated, intrigued, captivated, enthralled, mesmerized, entranced, charmed da enchanted. Fascinated da enchanted suna karɓar with ma. Masu in su ne na shagala, engrossed in da absorbed in, ka tuna da nutsewa a cikin ruwa. Sai hooked on, sai glued to. Riveted tana da biyu, riveted by idan labari ne ya kama ka, riveted to idan wurin da aka kafe ka ake nufi kamar kujera ko allon talabijin. In suna kake so sai ka ce "my fascination with history". JAMB da NECO suna son wannan wurin sosai, a bar maka gurbi a jero in, on, by, at.

Mataki na biyar: a bar very ta huta

Kalmomin nan da ƙarfinsu suka zo, kamar ka ce abu ya yi fari fat ne sannan ka ƙara da ƙwarai. Very interested daidai ne, very charming ma daidai ne, amma very mesmerized ko very spellbound suna karo a kunne. Very fascinating ana ji a bakin mutane, ba haramun bane, sai dai mai gyaran takarda zai fi son absolutely fascinating. Sauran kuma completely ko utterly ko totally, kamar utterly captivated ko completely engrossed. In kuma ɗan kaɗan ne abin ya taɓa ka to ka sauko matakala ka ce interested ko a bit intrigued, kada ka ɗauko babbar kalma ka yi ta rage mata ƙarfi.

Mataki na shida: in maganar soyayya ce a taka a hankali

Samari masu kwafo kalmomi daga ƙamus kuna tura wa 'yammata, ku saurara. Captivated da enchanted suna da kyau, smitten ma tana da daɗi, wato so ya buge ka farat ɗaya, ana cewa smitten with. Amma infatuated ba yabo bace, tushenta kalmar Latin ce mai nufin wawa, so ne na ɗan lokaci mara tunani wanda ake sa ran zai wuce, ka rubuta wa yarinya "I am infatuated with you" ka gaya mata da bakinka cewa haukan wata biyu ne. Besotted so ne da ya mai da mutum sakarai, mutane ne suke faɗa a kanka suna girgiza kai. Obsessed kuma matasa suna faɗinta da wasa a kan takalmi ko abinci, amma a kan mutum tana iya ba da tsoro, kamar mai bibiyar da ba ya jin bari. Haka kuma a wurin aiki kada ka ce wa shugabarka ko matar wani "I am captivated by you", ka jingina abin ga aikin, ka ce jawabinta ne ya kasance fascinating.

Akwai kuma gatse. Baturen Ingila idan ka yi masa rashin ɗa'a, ka rufe ƙofa a fuskarsa misali, sai ya ce "Charming!" shi kaɗai, kamar yadda muke cewa sannu da aiki ga wanda ya yi ɓarna. Haka in kana ta zuba ya ce "Fascinating" da murya a kwance yana duba agogo, malam ka naɗe tabarmar hirar.

Mataki na bakwai: furuci da rubutu

Fascinated c ɗin ba a furta ta, FA-si-nei-tid, nauyin a gaɓar farko, kuma wajen rubutu kada a manta sc ɗin don nan ake yawan faɗuwa. Intrigued gaɓa biyu ce kawai, in-TRIGD, ba intirigiyud ba. Engrossed o ɗinta doguwa ce irin ta most. Entranced nauyinta a gaɓa ta biyu yake, in-TRANST, ka bambanta ta da entrance ta ƙofar shiga mai nauyi a farko duk da rubutunsu kusan ɗaya ne. Wutsiyar ed kuma ba ko'ina ake jin ta a matsayin gaɓa ba, sai in kalmar ta ƙare da t ko d, kamar enchanted da captivated da riveted, amma charmed da absorbed da hooked a dunƙule suke fita, ba chamed mai gaɓa biyu ba. Sai tsohuwar matsalarmu ta p da f da kuma v da b, captivated tana da p da v duka biyun, spellbound ma p ce, ka tsaya gaban madubi, p leɓe biyu ne suke haɗuwa su fashe, v kuma haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Ni kaina sai da na yi sati ina fama da riveted kafin ta daina fita ribeted.

Wajen rubutu Amurka na rubuta mesmerize da enthrall, Ingila kuma an fi ganin mesmerise da enthral mai l ɗaya, amma enthralled da enthralling duka l biyu ne ko'ina. A WAEC da IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, ka zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takarda. In kuma aka tambaye ka kishiya, bored ko indifferent ko repelled ne yawanci, amma ka kula da disenchanted, ba wanda abin bai taɓa burgewa ba ake nufi, wanda ya taɓa so ne sannan ya dawo daga rakiya, kamar mai zaɓen da ya sha rana a layi shekara biyu baya yanzu ko sunan ɗan takarar ba ya son ji, kuma with take ɗauka.

Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne kullum da daddare su rubuta abu uku da suka ja hankalinsu ranar, da Hausa tukuna, sannan a gefen kowanne su rubuta kai ko ido ko zuciya ko shagala, sai a ƙarshe su zaɓi kalmar Turancin da 'yar rakiyarta su yi jimla. Sati biyu ana haka zaka ga hannu ya faɗa. Shi kuwa ƙanin abokin nawa mun mai da layin nasa "I have been fascinated by medicine since I was a child", sai na ce masa ai kowa haka zai rubuta, ya faɗi ranar da abin ya fara, ya yi shiru can ya ce ranar da aka ɗinke wa ƙanwarsa goshi a asibitin garinsu yana riƙe da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, yana kallon allurar tana shiga tana fita ya manta ma da kukan da take yi. Na ce to a nan ne zaka sa mesmerized.